Yadda ake doguwar tafiyar ƙasa a duwatsun Abzin, da 'yan rakiya da ranakun hutu

A duwatsun Abzin da ke arewacin Nijar, daga gindin dutsen Bagazan zuwa garin Iferwan, in aka bi ta Timiya da kufan Asode, tafiya ce ta kusan mako uku ga mai takawa a ƙasa da jaka a bayansa. Na yi ta gaba ɗaya, na kuma yi yankunanta daban-daban sau da yawa, wani lokaci da abokai, wani lokaci ni da jagora da mai raƙuma kawai. Yawancin waɗanda na ga sun janye a tsakiyar hanya masu ƙarfi ne, wasu ma sun fi ni juriya. Abu biyu ke kayar da su: kuskuren lissafin ruwa, da ƙin hutawa ranar da aka ware don hutu. Saboda haka, ɗan'uwa, za ka ga na daɗe a kan waɗannan biyun, na wuce wasu abubuwan da sauri.

Kayan da za ka tanada

Kayan sun kasu uku: na bayanka, na kan raƙuma, da na cikin motar da za ta riƙa tarar ku a ranakun hutu.

Na bayanka:

- Jakar baya mai cin lita 50 zuwa 60, mai ɗamara a ƙugu. Ƙugu ne ke ɗaukar nauyi. Jakar da ta rataya a kafaɗa kawai za ta ƙona maka wuya kafin azahar.
- Takalmi mai kaurin ƙasa wanda ya ɗan fi ƙafarka girma, domin ƙafa tana kumbura. In ba ka da irin na hawan dutse, kambas mai ƙwari ya isa. Za ka ga jagora yana tafiya da faffaɗan takalmin fata, kada ka kwaikwaye shi, tafin ƙafarsa ya yi shekaru yana taka wannan dutsen.
- Safa ƙafa uku, da silifas na zama a zango.
- Rawani mai tsawo, na auduga. Shi ne inuwarka, shi ne abin rufe hanci ranar ƙura, da shi za ka tace ruwa, da shi za ka ɗaure targaɗe.
- Riga mai dogon hannu da wando sakakke, masu hasken launi, da rigar sanyi mai kauri da hular sanyi.
- Jakar barci da shimfiɗar soso. In babu jakar barci, barguna biyu, amma sai dai raƙumi ya ɗauka.
- Robobin ruwa da za su ci lita 10 in an haɗa, a rarrabe. Roba ɗaya babba in ta huje, ka yi asarar komai.
- Ƙwayoyin tsabtace ruwa irin su Aquatabs, da gishiri da sukari a ƙulle.
- Tocila ta goshi, ashana, wuƙa, usur, ƙaramin madubi, tabarau na rana, allura da zare, da ɗan hantsaki na cire ƙaya.
- Taswira ta takarda, kamfas, da waya mai taswirar da aka sauke tun daga gari, da batirin ajiyar caji.
- Magunguna: filasta da yawa, bandeji, aidin, farasitamol, maganin gudawa, maganin ɗigawa a ido, man kaɗanya saboda faso da tsagewar leɓe. In kana shan wani magani kullum, ɗauki ninki biyu, rabi a jakarka rabi a kan raƙumi.

Na kan raƙuma: jarkoki masu lita 20, salka ɗaya ko biyu (ruwan salka ya fi sanyi, amma tana tsiyaya a hankali, kada ka sa ta cikin lissafi), guga da igiya mai tsawo, tukwane, butar shayi, tukunyar gas ko gawayi, tabarmi, da abincin mako guda. Abincin da ba ya ba ni kunya shi ne shinkafa, taliya, garin alkama, garin gero, garin kwaki, busasshen tumatir, albasa, mai, sardin, madarar gari, dabino, cuku, kilishi, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, ganyen shayi da sukari mai yawa.

Na cikin mota: sauran abincin, ƙarin jarkoki, takalmi na biyu, tufafi masu tsabta, da man da zai kai motar asibitin Agadas ko Arlit ya dawo da ita ba tare da an nemi ƙari ba.

Sai wayar tauraron ɗan'adam. Thuraya ce aka fi sani a hamada. Ana bukatar biyu, ɗaya a hannun masu tafiya, ɗaya a hannun direba, kuma ka tambayi hukuma ƙa'idar riƙe ta kafin ka sa ta a jaka.

1. Zaɓi lokaci, ka nemi izini

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ake wannan tafiya. Da rana akwai zafi amma mai jurewa, da dare kuwa sanyin hunturu a saman Bagazan yakan kai ruwa ya yi ƙanƙara a kwano. Daga Maris zafi ya fara hawa, Afrilu da Mayu kada ma ka yi tunani. Da damina kuma ƙoramun da ke bushe duk shekara sukan cika cikin ɗan lokaci su tafi da duk abin da suka tarar. Ka duba kalanda kada tafiyar ta faɗa cikin azumi.

Maganar tsaro ba ta wasa ba ce. Yankin ya ga tawaye daga 1990 zuwa 1995, ya sake gani daga 2007 zuwa 2009, kuma an binne nakiyoyi a wasu hanyoyi a lokacin. Tun da aka gano zinariya a Jado, can arewa maso gabashin Nijar, a 2014 zirga-zirga ta ƙaru, 'yan fashi ma suka ƙaru. A 2025 an sace Turawa a cikin garin Agadas kansa. Don haka matakin farko shi ne ka je wurin hukumomin jihar Agadas da jami'an tsaro, ka kai sunayen mutanenka, hanyar da za ku bi da ranakun, ka karɓi takarda. Sharuɗɗan suna sauyawa, musamman ga wanda ba ɗan Nijar ba. In an ce ba a shiga bana, ba a shiga. Duwatsun suna nan baɗi.

2. Haɗa 'yan rakiya

Mutum huɗu ne ginshiƙin tafiyar: jagora, mai raƙuma, mai dafa abinci, da direba. In kuɗi ya yi kaɗan, mai raƙuma yana iya haɗawa da girki, amma kada jagora ya haɗa da komai. Aikinsa ya kasance tare da kai a ƙasa, idonsa a kan hanya.

Jagora ya zama ɗan yankin da za ku ratsa. Ba duk Ba'abzinen da ya san hanyar Bilma ne ya san kwazazzaban Bagazan ba. Yadda nake gwada sabon jagora shi ne in tambaye shi rijiyoyin da ke tsakanin zango kaza da zango kaza, wacce ce ke ƙafewa a Janairu, wacce ce ruwanta ke da zartsi, da kuma yaushe rabonsa da wurin. Wanda ya ce duk suna da ruwa ba tare da ya yi shiru ya yi tunani ba, ban ɗaukarsa. Wanda ya ce, “Wannan kam sai mun tambayi makiyaya in mun isa Tabelot,” shi ne mutumina.

Ku yi ciniki a gaban shaida, a rubuta: kuɗin kowane mutum a yini, kuɗin kowane raƙumi, wa ke ciyar da wa, kwanakin da raƙuman za su yi kafin su iso wurin tashi da na komawarsu gida (waɗannan ma kai za ka biya, kuma a nan ne rigima ta fi tashi), da abin da za a yi in raƙumi ya ji rauni. Ranar hutu ana biyan ta cikakkiya. Ka ba da rabi kafin tashi domin su bar wa iyalinsu, saura a ƙarshe.

Ka riƙe girmansu. Ni “Baba” nake ce wa jagoran da ya girme ni, mai raƙuma kuma “madugu”, kuma a kwano ɗaya muke ci. Hausa ta wadatar a Agadas da yawancin ƙauyukan, amma ka koyi gaisuwa da Tamajak, harshen Abzinawa, ko da kalma biyar ce. In jagora ya ce yau ba za a bi ta nan ba, ko da taswirarka ta nuna hanya miƙaƙƙiya, ka bi maganarsa, ka tambayi dalili daga baya a bakin shayi.

In ba a sami raƙuma ba, jakuna suna yi, a hawan Bagazan ma sun fi dacewa saboda hanyar matsattsiya ce mai duwatsu. Sai dai jaki yana ɗaukar kaya kaɗan, kuma ba ya jure ƙishirwa kamar raƙumi, don haka dole zangunan su bi rijiyoyi kusa-kusa.

3. Tsara hanya bisa ruwa

Abzinawa suna cewa “aman iman”, wato ruwa shi ne rai. Kada ka fara da tambayar kilomita nawa za mu ci a yini. Ku shimfiɗa taswira kai da jagora, ku fara sa alama a kan kowace rijiya da kowane tafkin dutse, wanda suke kira agalmam, sannan ku ja zangunan tsakaninsu.

Ga lissafin da nake yi. Mutum ɗaya a yini: lita 5 na sha, lita 3 na girki da shayi da alwala, jimla 8. A ninka da yawan mutane, a ninka da kwanakin da ke tsakanin ruwa da ruwa, a ƙara kwana ɗaya na ko-ta-kwana. Mutum biyar da tazarar kwana uku: 8 sau 5 sau 4, lita 160 ke nan, jarka takwas. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, raƙumin kaya kuwa bai kamata a ɗora masa abin da ya wuce kamar kilo 150 a doguwar tafiya ba, kuma a hanyar dutse ƙasa da haka ya fi. Ka ga ruwa kaɗai ya cinye raƙuma biyu.

Wannan lissafin ne kuma ke nuna maka iyakar nisan da za ka yi ba tare da raƙuman ba. Jakarka kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinka. Mai kilo 70 iyakarsa kilo 17 ko 18. Ruwan sha na kwana biyu kilo 10 ne, sauran kaya da abinci 7 ko 8. To, kwana ɗaya a waje, yini biyu, shi ne iyakar rabuwarka da raƙuma, sai fa in akwai tabbataccen ruwa a tsakani. Raƙuman su bi kwari su zagaya, ku ku hau ta saman dutse, ku haɗu gobe da yamma.

A shimfiɗaɗɗen wuri ka lissafa kilomita 3 zuwa 4 a awa, a cikin duwatsu 2. Kilomita 15 zuwa 20 a yini ya wadatar. Tsarin da na fi so: mota ta kai mu wajen Tabelot, mu hau Bagazan mu yi kwanaki a sama, inda ƙololuwar Idukal-n-Tagas take, mita 2,022, wuri mafi tsawo a Nijar. Mu sauko ta arewa zuwa Timiya, daga nan Asode, sai Cintulus, inda Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya yi zango a 1850, sannan Iferwan a gindin duwatsun Tamgak.

Hutun farko ka sa shi bayan kwana uku ko huɗu, sauran kuma bayan kowane kwana biyar. Wurin hutu ya cika sharaɗi uku: ruwa, kiwo ga dabbobi, da hanyar da mota za ta iya shiga. In ya yiwu ka daidaita ɗaya da Juma'a a Timiya.

4. Shirya jikinka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata biyu kafin tashi ka fara tafiya da jakar da takalmin da za ka tafi da su, kana ƙara nauyi da jarkar ruwa mako-mako. A makonni biyun ƙarshe ka yi yini biyu a jere, awa shida-shida, domin yini na biyu ne ke nuna inda takalmi ke cizo. Mai hawan jini, ciwon sukari ko ciwon ƙoda ya ga likita tukuna. Ka kuma tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da taimama, za ka bukace su.

5. Ƙulla alƙawarin haɗuwa

A nan ne tafiya mai 'yan rakiya ke lalacewa, kuma na ɗanɗana. Wata shekara muka rabu da raƙuma da safe a kan za mu haɗu gobe “a rijiya” a cikin wani kwari. Ashe kwarin rijiya biyu gare shi, ta sama da ta ƙasa, suna ɗaya, tsakaninsu tafiyar kusan awa biyu. Ta saman da muka sauka ta ƙafe. Mu muna jira a sama, madugu yana jira a ƙasa. Da magariba ta yi, shi ya tashi neman mu ta wata hanya, mu kuma muka gangaro ta wata, muka saɓa. Mu uku muka kwana da ruwan da bai kai lita biyu ba. Allah ya kiyaye, da hantsi wani yaro makiyayi ya haɗa mu. Tun daga ranar ba na rabuwa da raƙuma sai an yi waɗannan abubuwa a gaban kowa:

A faɗi wurin da siffarsa, ban da suna: rijiyar da ke ƙasa da babbar aduwa, gabas da baƙin dutse. Madugu ya maimaita da bakinsa, jagora ya maimaita. In akwai na'urar GPS a sa alamar a duka wayoyin biyu.

A faɗi lokaci da salla, domin kowa ya san ta: kafin la'asar.

A yanke wanda zai zauna. Ƙa'idata ita ce raƙuma ba sa motsi. In magariba ta yi ba mu iso ba, madugu ya hura wuta a wuri mai tudu ya bar ta tana ci, mu ne za mu neme shi. Sai in gari ya waye har hantsi ba labari, sannan mutum ɗaya ya hau raƙumi da jarka ya bi hanyar da aka ce za mu biyo, ɗayan ya tsaya a wurin.

A ajiye wuri na biyu, wanda za a koma in rijiyar farko ta ƙafe ko an tarar da abin da bai kwanta a rai ba, da alamar da za a bari: duwatsu uku a jere suna nuna inda aka nufa.

Direba kuma a ba shi takarda mai ranaku. A sa lokaci ɗaya kullum, misali bayan isha'i, da za a kunna Thuraya minti goma. A rubuta masa ƙarara: in kwana biyu suka wuce ba kira, ya sanar da jami'an tsaro ya taho wuri kaza. In ba ku da wayar tauraro, kada ku rabu da raƙuma ko na dare ɗaya, kuma ku gajarta tazarar da ke tsakanin haɗuwa da mota.

6. Tsarin yini

Tashi da asuba, salla, shayi, kunu ko tukuɗi, wato garin gero da dabino da cuku da aka dama. A kama hanya da fitowar rana. Kowace awa a tsaya minti goma, a sauke jaka, a sha ruwa, a jefa dabino a baki. Wajen ƙarfe 11 da rabi a nemi inuwa a zauna har zuwa ƙarfe 3, a cire takalmi da safa su sha iska. Sai a ƙara awa biyu, a sauka da sauran rana. Wanda ya fi kowa rashin sauri shi ke bin bayan jagora, kuma ba wanda ke ɓacewa daga idon na bayansa.

Da ka ji wani wuri a ƙafarka ya fara zafi, tsaya nan take ka manna filasta. Kada ka ce bari mu kai inuwa. Kafin ku kai ya zama bororo, bororo kuwa a kwana na biyu yana iya bin ka har Iferwan. In ya riga ya yi ruwa kuma yana hana ka takawa, wanke shi, ƙona bakin allura, huda gefe, matse, sa aidin, ka bar fatar a kai ka rufe.

Ka kula da tumfafiya, ruwanta fari in ya shiga ido yana yin illa. Ƙayar da ta shiga takalmi a cire ta tun ba ta karye a ciki ba.

7. Ruwa da gishiri

Iskar hunturu tana busar da gumi kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka yi gumi ba. Fitsarinka ne ma'auni: in ya yi ja kuma kaɗan, kana baya. Sha kaɗan-kaɗan a kai a kai. Amma ruwa zalla ba tare da abinci da gishiri ba shi ma yana kawo ciwon kai, tashin zuciya da ruɗewa. Kullum da rana ina haɗa lita ɗaya da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba. Shi ne kuma maganin farko in gudawa ta kama wani.

Duk ruwan rijiya ko na agalmam a tace shi da rawani, a sa ƙwaya, a jira minti 30. In ruwan ya yi gurɓi sosai a bar shi ya kwanta tukuna, domin ƙwayar ba ta aiki sosai a cikin laka. In ƙwayoyi sun ƙare, a tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, a saman Bagazan a ba shi uku. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ba ta ɗaukar ruwan sha, ko an wanke ta sau goma.

A bakin rijiya makiyaya ne masu wuri. A yi sallama, a jira su gama shayar da dabbobinsu, kuma ba a wanka ko wanki da sabulu a cikin agalmam.

8. Zangon dare

Kada ku kwana a tsakiyar busasshiyar ƙorama ko da rairayinta ya fi laushi, ku hau gefe. Ku nemi bayan dutse da zai tare iskar arewa maso gabas. Kada a shimfiɗa a gindin kurmi ko jikin tarin duwatsu, nan kunama da kububuwa suke. Da safe a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa, da dare ba a taka ko'ina ba tocila. Itacen wuta busasshe kawai, kuma kaɗan. Ka taya madugu sauke kaya da yi wa raƙuma dabaibayi in ya yarda, ka kuma zauna a sha shayin nan zagaye uku, domin a wurin ne ake tsara gobe. In an yi sa'a mai girki zai gasa tagalla, burodin da ake binnewa a rairayi ƙarƙashin garwashi.

9. Ranar hutu

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya tashi ranar hutu ya ji ƙarfi, ya ce tunda lafiya lau muke mu wuce mu rage hanya, ko kuma ya ɗauki sanda ya tafi hawan wani dutse. Ƙarfin da kake ji a kwana na huɗu na ɗoki ne. Jijiyoyin ƙafa da gwiwa da fatar tafin ƙafa ba su gama sabawa ba, kuma abin da ka ci a kwanakin nan bai kai abin da jikinka ya ƙona ba. Bashin yana taruwa, a kwana na takwas ko na tara yake fitowa, a wurin da mota ba ta isa.

Hutun kuma ba naka kaɗai ba ne. Madugu yana tashi kafin kowa ya bi sawun raƙuman da suka yi nisa da dare, ya ɗaura kaya, ya sauke, ya ja ruwa. Raƙuman ma a kwanakin tafiya ba sa samun kiwon kirki, sai ranar hutu suke cika ciki, a duba bayansu ko kaya ya ji musu ciwo. Ranar nan kada ka sa mai girki dafa abinci sau uku. Ni nakan sayi akuya a ƙauye, mu masu tafiya mu yi aikin, su su zauna.

Ga abin da ake yi, da safe a gama shi:

Wanka da wanki nesa da bakin ruwa. Duba ƙafar kowa a fili, har da wanda ya ce lafiyarsa ƙalau, a buɗe filasta a bar ciwo ya sha iska, a shafa man kaɗanya a faso. Ɗinke abin da ya yage. A zazzage buhunan abinci a ƙirga da ido, a cika daga mota, a ba direba shara da duk kayan da kwana huɗu suka nuna ba ka bukata. A caja wayoyi. A je gaida maigari, a tambayi makiyaya labarin rijiyoyin gaba, a gyara tsari in labarin ya sauya.

Bayan azahar kuwa ba a komai. A kwanta a inuwa, ƙafa a sama, a ci, a sha, a yi barci.

Timiya, mai nisan kusan kilomita 220 daga Agadas, ita ce wurin hutun da ya fi kowanne. Lambunanta suna ba da lemu da rumman da dabino, za ka ga raƙumi ko sa yana jan ruwa daga rijiya ana ban ruwa. Akwai tsohuwar ganuwar sojan Faransa a kan tudu, akwai kuma magangarar ruwa a wajen gari. In kana son ganin su, mota ta kai ka. In ka ga mutanenka sun jigata, ƙara kwana a nan, shi ya sa nake barin kwana biyu a cikin tsari waɗanda ban sa musu komai ba.

Abu na ƙarshe a ranar hutu, da dare: a tambayi kowa shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba, ko zai ci gaba. Mutum yana jin kunyar ya ce ya gaji a gaban abokai. Wanda ƙafarsa ta kumbura, ko gudawa ba ta tsaya ba, ko fitsarinsa bai washe ba duk da hutun, ya shiga mota ya tarar da ku a zango na gaba. Amfanin motar ke nan. Jagora da madugu su ma a tambaye su.

10. In abu ya faru

Wanda ya yi jiri, ya yi laushi, yana gumi yana jin amai: inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, tafiyar yau ta ƙare. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, ya fara surutai ko bai gane mutane: wannan rai ne a hannun Allah, a cire masa kaya, a jiƙa shi, a yi ta fifita, a kira mota nan take. Ba a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa.

Saran maciji: ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi da karan itace, a ɗora shi a raƙumi zuwa inda mota za ta iso, sai asibiti. Harbin kunama ga babba yawanci zafi ne mai tsanani, amma in an ga gumi, amai ko numfashi ya sauya, a yi kamar na maciji.

In ka ɓace, tsaya inda kake. Nemi inuwa kusa da wuri mai tudu, busa usur sau uku-uku, haska madubi da rana, tocila da dare. Jagora zai bi sawunka, kuma kowane takun da ka ƙara yana tsawaita masa aiki. In ƙura ta taso har ba a ganin gaba, a taru wuri ɗaya, a rufe fuska, a jira.

11. Asode zuwa Iferwan, da sallama

A Asode za ka ratsa kufan tsohon birnin da ya taɓa zama cibiyar Abzin, ganuwar gidaje ta dutse da fasassun tukwane a warwatse. Kada ka ɗauki ko ɓallin kasko. Haka zanen da ke jikin duwatsu, ba a shafa shi da hannu ko a zuba masa ruwa don hoto ya fito. Wannan yankin yana haɗe da gandun Abzin da Tenere da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1991, kuma farautar barewa haramun ce a cikinsa. Ba a ɗaukar hoton mutane, musamman mata, sai da izininsu.

Kwanakin ƙarshe mutane sukan saki jiki, a daina tace ruwa, a daina maimaita wurin haɗuwa. Ka riƙe ƙa'idar har ranar da ka ga dabinon Iferwan. Da isa, ka kai kanka wurin jami'an tsaro su san kun fito, ka kira mutanen gida. Ka biya kowa cikon kuɗinsa a hannunsa, a gaban shaidan da aka yi ciniki ko wani dattijo, tare da kuɗin kwanakin komawar raƙuma. Abincin da ya rage, da sukari da ganyen shayi da jarkoki biyu cike da ruwa, na madugu ne, domin kai za ka hau mota zuwa Agadas, shi kuwa yana da sauran kwanaki a hanya kafin ya kai dabbobinsa gida.